Hubbaren Baba Birki

Wanda bai yarda da labarin nan ba, ya shiga mota daga Dhaka ya yi kudu har inda hanya ta ƙare a ruwa, ya tambayi Titin Fito na Kalmiganj. Abin yana nan kwance a tsakiyar titin, lulluɓe da jan ƙyalle. Wanda ya gina shi ma yana nan, sai dai kwatancensa na da ba zai yi amfani ba, don da gashin baki ake kwatanta shi.

Tofazzal Mridha shekara ashirin da bakwai ya yi yana masinja a ofishin hanyoyi. Fayil yake ɗauka daga tebur zuwa tebur, shayi kuma daga ƙasa zuwa bene. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ranar da ya ajiye aiki ya dawo gida da tsohon tef ɗin awo a aljihu, da fensir a bayan kunne, da sunan Injiniya wanda shi ya raɗa wa kansa. Babu wata gada a ƙasar nan da bai ce shi ya gyara wa masu zanenta kuskure ba. Gashin bakinsa kuwa har ƙetaren kogi an san da zamansa. Baƙi ne wuluk, murɗaɗɗe, kowane ɓangare ya tashi sama kamar ƙahon ɓauna, kuma kullum shi yake fara shan man kwakwa kafin mai shi ya sha shayi. Nitai Shil, wanzamin bakin titi, shekara goma sha tara yana yi wa Tofazzal aski, ba a taɓa barin askarsa ta leƙa leɓen sama ba. Abin yana cin Nitai a rai kamar manomin da aka hana shiga gona mai ciyawa.

Titin Fito gangare ne, ya taso daga kasuwa ya miƙe gabas har tashar jirgin fito, faɗinsa bai fi riksha biyu, wato keken ɗaukar fasinja mai taya uku, da akuya ɗaya ba. Da jirgi ya busa ƙaho, kowa sai ya manta an taɓa ƙirƙiro birki. Masu riksha, masu babur, motocin kifi, 'yan makaranta a kan keke, duk su kwararo lokaci guda kamar an fasa randa.

A cikin wannan kwarara ce wata safiya motar kifi ta goge Shiuli, 'yar Tofazzal, wadda take aikin jinya a ƙetaren kogi. Keken da take kai ya yi gabas, ita ta faɗa kwandon jatan lande. Gwiwa kawai ta gurje. Amma uwarta Anjuman ba ta tsaya jin girman ciwo ba, ta ɗaure keken da sarƙa a jikin mangwaron tsakar gida, ta ƙulle makullin a gefen sarinta tare da sauran makullan gida, ta ce ba zai kunce ba sai ranar da titin nan ya yi hankali. Ba keke, jirgin ƙarfe bakwai ya riƙa tafiya ya bar Shiuli a gaɓa tana haki.

Da hantsi Tofazzal ya kai maganar rumfar shayin Inna Moyna, wadda take jikin shagon Nitai. Ya ce matsalar titin nan ƙarama ce, rashin masani ne kawai. Ya ce a ƙasashen da suka san ciwon kansu mai keke yana da hanyarsa shi kaɗai, yana iya tafiya yana gyangyaɗi. Ya ce shi da ya ga zanen gadoji da idonsa, wannan ɗan lungun bai kai ya cire fensir daga kunne ba.

Nitai yana wasa aska a fata, bai ɗago ba ya ce, "Yaya, a ofishin naku zanen ake ba ka ka duba, ko ka ɗora kofin shayi a kai?"

Aka yi dariya. Tofazzal ya ajiye kofi, ya kama ƙarshen gashin bakinsa na dama ya murɗa.

"Ku ba ni sati uku. In na ce na gama, wani ɗan Adam ya sake faɗuwa daga kan keke tsakanin kasuwa da ruwa, ka aske wannan."

"Duka biyun, ko ɓangare ɗaya?"

"Duka."

Nitai ya ce Inna Moyna ta zama shaida. Ta ce ta ji, ta kuma maimaita kalma-kalma: tsakanin kasuwa da ruwa. Baki dai shi ke yanka wuya.

Kansilan unguwa, Bazlu Talukdar, zaɓe ya matso masa, don haka bai ja magana ba. Ya ba da bokitin koren fenti, da siminti buhu biyu, da wani dogon jan ƙyalle da ya rage daga taronsa na bara, ya ce in an gama a kira shi ya buɗe, a kuma tabbatar akwai lasifika.

Tofazzal ya fara da fenti. Yini guda yana durƙushe, ya ja koren layi mai faɗin kamu uku a gefen titi, daga kasuwa har tasha. Kowane taku ashirin ya zana keke da farar ƙasa. Ya kwana yana jin kansa kamar wanda ya raba teku.

Washegari ya fito ya tarar koren layinsa ya zama ja. Matan unguwa sun shanya barkono daga farkonsa har ƙarshensa, masu busasshen kifi sun kama inda ya rage. Suka tarbe shi da godiya, suka ce shekara da shekaru suna neman wurin shanya mai tsabta, Allah ya saka wa Injiniya. Ya ce wurin na masu keke ne, ya ture barkono da ƙafa ya nuna musu zanen. Suka sunkuya suka duba. Wata ta ce ai su sun ɗauka tallar tabarau ce. Ashe ma tun da safe wani dattijo ya bi zanen ɗaya bayan ɗaya har bakin ruwa yana tambayar ina ake awon ido. Wani ɗalibi da ya yarda da Injiniya ya bi ta kan layin da kekensa, barkono ya tashi, titin gaba ɗaya ya kama atishawa har direban jirgi, ɗalibin kuwa ya ƙare a cikin kwata.

Nitai ya leƙo da aska a hannu. "An gama, Injiniya?"

"Saura kaɗan."

Sai ya ce ai layi ba shinge banza ne. Ya sari gora ya kafa a jere, ya ja igiya tsakaninsu. Kafin azahar igiyar ta cika da lungi, zanen da maza ke ɗaurawa, da sari da wandunan jarirai, kowane gora kuma an ɗaure akuya a gindinsa. Mai keken da ya shiga ciki sai ya fito da rigar wani a fuska. Tofazzal ya zo da babbar takardar tsarinsa zai yi wa masu awaki bayani, yana nuni da hannun dama, wata akuya tana cin tsarin daga hannun hagu. Kafin ya ankara ta cinye kasuwa da rabin titi, saura tasha.

"An gama?"

"Na ce maka saura kaɗan."

Akwai wata kwana a tsakiyar gangaren inda mai saukowa ba ya ganin mai fitowa daga lungu. Tofazzal ya ce wannan madubi take so. Ya bari Anjuman ta tafi wankin tukwane, ya kwance ƙofar sif ɗinta mai dogon madubi, wanda ta zo da shi gidan aure, ya ɗaure a jikin turken lantarki. Madubin ya yi aiki, sai dai ba wanda aka ɗauke shi ba. Mutanen Kalmiganj da yawa ba su taɓa ganin kansu daga kai har ƙafa ba. Masu riksha suka riƙa tsayawa suna taje kai, fasinja suna jira su ma su duba. 'Yan mata suka yi layi. Wani ango ya sauko daga mota ya gyara rawani. Ranar jirgin ƙarfe bakwai ya tashi da mutum tara, abin da ba a taɓa gani ba. Shi kansa Tofazzal da ya zo korar jama'a sai ya hango gashin bakinsa a ciki, ya tsaya daidaita ɓangaren hagu. Yana cikin haka wani bunsuru ya tsinke igiya, ya ga wani bunsurun yana harararsa, ya ja da baya ya raba gardama.

Da ya koma gida ya tarar Anjuman tsaye gaban sif, kayanta suna kallon duniya.

"Baban Shiuli, ina ƙofar sif ɗina?"

"Tana aikin gwamnati."

"Yaushe za ta tashi daga aikin?"

Ya ce ta riga ta yi ritaya. Abin da ya biyo baya maƙwabta sun ji, ba sai an maimaita ba. Ya dai yanke shawarar cewa akwai wata gada a ƙauyen ƙanwarsa da ke buƙatar a duba ta na kwana uku. Amma kafin ya tafi sai ya kafa babban aikin, wato tudun rage gudu.

Ranar Alhamis da la'asar ya kwaɓa simintin. Ya fara daga arewa da hannu sake, yana labtawa kamar na gado, don a cewarsa tudun da bai kai gwiwa ba wasa ne. Bai kai ga ƙetare titin ba simintin ya ƙare. Abin da ya samu shi ne wani tudu a tsakiyar hanya, tsawon mutum, faɗin mutum, kai arewa ƙafa kudu, wajen kan ya ɗan fi tashi. Tofazzal ya ja da baya ya duba, ya ce haka ma ya fi, irin na zamani ke nan.

Daga nan ya yi duk abin da injiniya mai hankali zai yi. Ɗanyen siminti yana son a rufe shi da jiƙaƙƙen abu, sai ya jiƙa jan ƙyallen Kansila ya lulluɓe shi. Don kada awaki su taka, ya kewaye shi da ɗan shingen gora. Don direbobi su hango, ya kafa jar tuta a wajen kan. Don masu wucewa bayan magariba, ya rataye fitilar ƙwai. Ƙudajen kasuwar kifi kuma suka dame shi, ya karɓi turaren tsinke uku wajen Inna Moyna ya kunna ya soke a gefe. Ya wanke hannu, ya ɗauki jakarsa, ya tafi duba gada.

Ranar Lahadi ya sauko daga jirgi, ya tsaya yana kallon titi kamar an sauke shi a garin da ba nasa ba. Ba a busa ƙaho. Masu riksha suna zuwa tsakiyar gangare sai su sauka su tura, su ɗaga hannu su yi sallama. Motar kifin da ta goge Shiuli tana tafiya kamar amarya. Masu keke suna sauka su zagaye shingen a ƙafa, har su ba wa juna hanya. A jikin shingen an ɗaɗɗaure zare kala-kala, ga kyandir, ga furanni, ga kwalaben ruwan wardi. Wani tsoho mai gashi har kafaɗa yana zaune a gefe yana kora ƙuda da gashin ɗawisu.

Tofazzal ya tambayi wani mai riksha, "Kawu, wa ya mutu?"

Mai riksha ya ce ai ba yau ya mutu ba, shekara ɗari uku ke nan. Waliyyi ne, yana kwance a ƙarƙashin titi ana ta bi ta kansa yana haƙuri, har daren Juma'a ya gaji ya taso da kabarinsa sama, da ƙyallensa da tutarsa da turarensa a kunne. Wata mai sayar da kifi ta gan shi a mafarki. Ranar Asabar kuma wata mota ta sauko birkinta ya tsinke, tana zuwa gabansa ta tsaya cak. Shi ya sa ake ce masa Baba Birki. Tsohon nan mai gashi jikan mai yi masa shara ne, da ya ji labari ya zo ya kama aikin gado.

Tofazzal ya bar mai riksha a nan. Ya nufi rumfar shayi, wadda yanzu ta ƙara benci uku. Ya ce wa Inna Moyna ai a gabanta ya kwaɓa simintin, ita ma ta ba shi turaren. Ta ce ita ranar kofuna take wankewa, ba ta ga komai ba, ya matsa baƙi su zauna. Nitai kuwa ya ce shi Hindu ne, ba ya shiga sha'anin waliyyan Musulmi, sai dai ya kai kyandir ɗaya, don maƙwabci maƙwabci ne ko da a kwance yake. Liman kaɗai ya tsaya a kan gaskiya. Ya faɗa a masallaci cewa babu komai a ciki sai yashi da siminti, kuma wannan bidi'a ce tsagwaronta. Amma shi ma an lura in ya zo kan gangaren sauka yake daga kekensa ya tura, mutane suka ce bakin Liman ne ya ƙi, ƙafarsa ta yarda.

A gida ya tarar mangwaro ba sarƙa. Anjuman ta kunce makulli, ta ce yanzu hankalinta ya kwanta tunda an samu mai kula da titi.

"Abin da Injiniya ya kasa da fenti da gora da ƙofar sif ɗina, bawan Allah ya yi shi yana kwance."

Shiuli ta same shi a bakin rijiya yana huci. Ita ta san simintin waye, don ita ta wanke lungin da ya ɓata. Ta rage murya ta ce, "Baba, don Allah ka yi shiru. Kwana uku ina samun jirgin bakwai. Ba wanda ya faɗi. Ka ce an gama kawai, gashin bakinka ya tsira."

Shawara ce mai kyau, kuma ya ɗauka. Ya je gaban Nitai da Inna Moyna ya ce an gama. Nitai ya ninke aska da fuskar wanda aka kwashe wa tuwo daga gaba, ya ce to, albarkacin Baba.

Wannan kalmar ce ta tsaya wa Tofazzal a rai. Kwana huɗu yana shiru, shirun yana kumbura shi kamar kwaɗo. Ya ji an ce Baba Birki ya warkar da ciwon gwiwa. Ya ji an ce an taɓa ganinsa yana ƙetare kogi a kan kada. Ya ji wata mata tana gaya wa ɗanta ya yi karatu kada ya zama kamar mutumin nan mai fenti. A duk rayuwarsa abu ɗaya ya taɓa yi da ya yi aiki, shi ma an ba wa matacce, mataccen ma da babu shi.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa a gaban tudun, aka ɗaura lasifika. Tofazzal ya sa farar riga, ya ba gashin baki mai har yana ɗiga, ya zauna a layin gaba. Ya ga sarƙar furanni a kan faranti, ya gyara wuya. Kansila Bazlu ya miƙe ya yi minti arba'in yana magana. Ya gode wa jama'a, ya gode wa masu riksha, ya ce kakansa na wajen uwa ya sha ba shi labarin wannan waliyyi, kuma ba banza ba Baba ya zaɓi bayyana a zamanin kansilancinsa. Sannan ya ɗauki furannin, ya bi ta gaban Tofazzal wanda har ya fara miƙewa, ya ɗora su a kan siminti.

Ba wanda ya ga lokacin da Tofazzal ya kai ga lasifika.

"Ni na gina shi," ya ce, muryarsa ta ƙetare kogi ta dawo. "Siminti buhu biyu, yashi kwando tara. Ƙyallen nan na Kansila ne, ku ɗaga gefensa za ku ga rabin sunansa. Tudun rage gudu ne. Hawa ake yi a wuce."

Jama'a suka yi gunaguni. Tsohon mai gashi ya girgiza kai ya ce hassada ga mai rabo taki ce. Kansila ya taka gefen ƙyallen da ƙafa, ya ce rana ce ta bugi Injiniya, a ba shi ruwa. Shiuli ta rufe fuska da mayafi.

Tofazzal ya ce zai nuna musu. Ya tumɓuke shingen ta gaba da ta baya, ya ce a ba shi keke. Ba wanda ya motsa sai Liman, wanda ya ga ranar kashe bidi'a ta zo. Ya miƙa nasa da hannu biyu. Ya so ya ƙara wata magana, amma Tofazzal ya riga ya tattare lungi ya tura ya yi sama. Maganar kuwa ita ce, keken Liman rabonsa da birki tun ambaliyar da ta wuce, dalilin saukarsa a kan gangare ke nan.

Daga bakin kasuwa Tofazzal ya hau. Rabonsa da keke shekara ashirin, amma ya ce wa masu tumatir abu ne da ba a mantawa. Ya taka sau uku, gangare ya karɓi sauran aikin. Ya wuce barkono. Ya wuce awaki. Ya wuce turken da ƙofar sif ta yi shahada. Da ya hango jan ƙyalle ya ce bari ya ɗan rage, yadda ƙa'ida ta ce. Ya matse birkin dama, ya ji shi laushi kamar ayaba. Ya matse na hagu, ƙarfen ya biyo hannunsa.

Tudun da ya kai gwiwa ba wasa ba ne, wannan kam ya faɗi gaskiya. Keke ya tashi sama, furanni suka watse, jan ƙyallen ya naɗe a feda ya biyo shi yana kaɗawa. Masu kallo sun rantse sun ga sararin sama tsakanin mutum da sirdi. Abin mamaki, ya sauka a kan taya biyu, ya ci gaba. Har ya fara murmushi, don ya tuna gadar katakon da ke bi zuwa dandamalin da ke yawo a kan ruwa, inda jirgi ke tsayawa, shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya auna ta da tef ɗinsa. Abin da ya manta shi ne ranar da ya auna ruwa a cike yake. Yanzu ruwa ya janye, dandamali ya sauka ya zauna a kan laka, gadar ta tsaya kamar tsani. Jirgi kuma yana ƙetare.

Katako ya yi ƙara kamar ganga. Keke ya ratsa dandamali, ya kai ƙarshe, ya ga babu sauran duniya. Suka rabu a sama, keke ya yi kudu, Injiniya ya yi gabas, ya shiga laka da ka har ƙugu. Ƙafafu biyu kawai ake gani, suna ci gaba da taka feda.

Masunta suka zaro shi da gora. Ya fito baƙi ƙirin, wata ƙaguwa ta maƙale a ƙarshen gashin bakinsa na dama ta ƙi saki. Sannan mutane suka juya gaba ɗaya suka dubi tudun, wanda ko gezau bai yi ba, suka fara cire takalma. Mai riksha ya ce, kun gani, mai ba da birki shi ke karɓe birki. Kansila ya yi alkawarin ƙubba kafin zaɓe. Liman yana bakin dandamali yana kallon tayar kekensa tana nutsewa, yana cewa shi dai bai ga ribar yau ba ta kowace fuska.

Aka zaunar da Tofazzal a kan matakala, Shiuli tana zuba masa ruwa a ka. Sai ga Nitai ya ratso jama'a a hankali, kujera a hannu ɗaya, kwanon kumfa a ɗaya.

Tofazzal ya tofar da laka, ya ɗaga yatsa. Ya ce a tsaya, alkawari kalma ne. Shi cewa ya yi tsakanin kasuwa da ruwa. Titi kuwa ya bi shi lafiya lau har ƙarshe, a kogi ya faɗi, kuma kogi ba ya cikin aikinsa, wannan na ma'aikatar ruwa ne. Wasu suka ce da gaskiyarsa. Aka juya wajen shaida.

Inna Moyna ta tako har bakin dandamali, ta dubi ramin da kansa ya bari, ta dubi inda ruwa yake kwance can nesa, kamu arba'in gaba.

"Ga kasuwa can," ta ce, "ga ruwa can, ga inda ka faɗi. Da ka yi haƙuri ya ciko, Injiniya, da ka tsira."

Nitai ya cire ƙaguwar da ladabi, ya shafa kumfa. Shekara goma sha tara yana jiran ranar nan, don haka bai yi gaggawa ba. Ya tambaya ta wane ɓangare za a fara. Tofazzal ya rufe ido. Da aka gama Anjuman ta zagayo ta dube shi, ta ce ashe haka bakin yake in yana rufe, ta kuma ce gashin zai dawo ranar da ƙofar sif ta dawo. Har yau sif ɗin a buɗe yake.

Tun daga ranar ba a sake jin mai keke ya faɗi a Titin Fito ba. Shiuli tana saukowa kowace safiya, ta sauka a wajen shinge kamar kowa, ta tura, ta hau, ta samu jirgin bakwai har da sauran lokacin shayi. Liman yana nan yana faɗar gaskiya ranar Juma'a, yana zuwa masallaci a ƙafa.

Tofazzal kuwa yana rumfar Inna Moyna, fensir a bayan kunne. In baƙo ya zauna kusa da shi, sai ya matso ya rage murya ya ce duk abin nan tsari ne, har faɗuwar a cikin takarda take, akuya ce ta cinye shafin. Ya ce tudun da ake hawa a wuce kowane injiniya yana iya ginawa, amma wanda ake sauka a gaishe shi, daga nan har Dhaka mutum ɗaya ne ya taɓa yi. Yana faɗa hannunsa yana tashi ya murɗa iska a gefen leɓe. In ya tashi tafiya gida kuma ya zo daidai shingen, sai ya waiga dama da hagu, ya zare takalmi ya riƙe a hannu. Ya ce wai da tafin ƙafa ake gane ingancin siminti.